Wasiƙar Gamu Ba Ta Shiga Jaka Ba — Shafi na 14

Na ga abin da kuka yi wa Rudairo a ƙarƙashin shafin da ya wuce. Wata har cewa ta yi in ba ta kwatancen gidansu ta je ta same ta. 'Yar'uwa, ki zauna inda kike, garin Marondera da nisa, kuma yau ma Rudairo ba za ta faranta miki ba.

*

Lahadi ce, ranar ƙarshe ta taron keɓewa. Tun yammacin Alhamis mata talatin da biyu suka hau makarantar mishan da ke kan tsauni, aka karɓe musu waya da agogo, aka ce su bar duniya a bakin ƙofa su zo su sabunta tafiyarsu da Ubangiji. Matafiya ake ce musu. Waɗanda suka riga suka yi tafiyar a shekarun baya su ne masu hidima, su dafa, su share, su yi addu'a a bayan fage, kuma ba a yarda matafiya su gan su ba sai an zo rufewa.

Rudairo tana cikin masu hidima. Yayarta Marwei tana cikin matafiya, kuma ita Rudairon ce ta kawo ta. Wadda ta kawo ki ita ce ke bin dangi da ƙawaye a ɓoye ta karɓo miki wasiƙu, a zuba a jakar ƙyalle, a miƙa miki ranar Lahadi ba zato ba tsammani. Rudairo ta karɓo guda ashirin da uku. Ashirin da biyu ta miƙa.

Ɗayar tana aljihun rigar aikinta tun ranar Laraba. Ta Gamuchirai ce, 'yar da ta haifa da cikinta.

Gamu tana shekara huɗu Rudairo ta bar ta a hannun Marwei, ta tafi Cape Town renon 'ya'yan wasu. Shekara biyu ta ce za ta yi, ta yi sha huɗu. Da ta dawo sai ta tarar da budurwa mai ladabi, tana rusuna mata tana tafa hannu, tana ce mata Mama Ƙarama. Mama kuwa, wadda babu ƙari a bayanta, Marwei ce, matar da ba ta taɓa ko ɓari ba. Duk unguwa Maman Gamu suke ce wa Marwei. Shekara biyar ke nan Rudairo tana jin ana kiran sunanta wata tana amsawa.

Lokacin da ita ta yi tata tafiyar, shekara uku da suka wuce, Gamu ta rubuto mata. Layi biyar ne, ta haddace su. Gaisuwa, fatan alheri, Allah ya ƙara ƙarfi, sai suna. Ta yi kuka a kansu har takardar ta jiƙe, ta adana ta cikin Littafi Mai Tsarki, ta ce ai yarinyar ba mai yawan magana ba ce.

Sai ga shi ranar Laraba yarinyar da ba ta da yawan magana ta miƙo mata ambulan na Marwei, ya kumbura kamar an cusa yankan burodi a ciki.

*

Mbuya Chirenje, wato Kaka Chirenje a yarensu, ce ke riƙe da ɗakin wasiƙu, tsohuwar malamar firamare da ta haura saba'in. Idonta ɗaya ya fara hazo, amma ɗayan yana yin aikin biyu. Ita ke ware wasiƙun 'yan gida, ta ɗaure su da jan zare ta ɗora a sama, don su ake fara buɗewa. Da ta zo kan jakar Marwei sai ta juya na cikin hannunta ɗaya bayan ɗaya. Akwai ta mijinta, akwai ta ƙaninsu na garin Gweru.

"Ina ta yarinyar?"

"Wace yarinya, Mbuya?"

"'Ya'ya nawa gare ku a gidan?"

Rudairo ta sunkuya tana gyara zaman jakunkunan da ba su karkace ba. Ta ce ai 'yan yanzu ba su san biro ba sai danne-dannen waya, ga shirin aure ya sha wa Gamu kai, ita dai sau biyu tana tuna mata. Ƙaryar ta fito sumul, ita kanta ta yi mamakin yadda ba ta yi tuntuɓe ba.

Mbuya ta zare tabarau tana gogewa da bakin zani.

"Ni na koyar da Gamu a aji uku. Yarinyar da in an ce shafi ɗaya, sai an ƙwace takardar daga hannunta."

Sauran matan ɗakin suka yi dariya, Rudairo ma ta yi, ba don ta ji daɗi ba.

Sai tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta ce sanyin tsaunin nan ya shige mata ƙafa, za ta je ta sha shayi, kowa ma ya je. A bakin ƙofa ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Jakar yayarki ce ta ƙarshe da zan ɗaure, 'yata. Kuma ni ba na sauri wajen shan shayi."

Ɗaki ya rage daga Rudairo sai jakunkuna.

Abin ba wuya. Ta zaro, ta tura ƙarƙashin jan zaren, shi ke nan, ba mai sake tayar da maganar. Har ta sa hannu a aljihu. Sai idonta ya sauka a kan takardar da aka liƙa wa jakar, inda wata mai kyakkyawan rubutu ta rubuta Marwei, sannan ta ƙara Maman Gamu a ƙasa, har da zanen fure. Ko a nan, a kan tsaunin Allah, sunan ya biyo ta.

Ta cire hannu daga aljihu ta fice ta ƙofar baya.

A bayan kicin akwai ƙatuwar buta da ke kan wuta tun asuba. Ba kowa a wurin, duk suna ciki suna fama da tuwon masarar mutum ɗari. Rudairo ta ce wa kanta layin farko kawai za ta duba, ta ga da wane suna aka fara, ta mayar. Ku da kuka taɓa cewa loma ɗaya kawai za ku yi, kun san yadda ake ƙarewa. Ta kanga ambulan a bakin tururi har ya saki.

Shafi shida ne, gaba da baya.

"Mama," haka aka fara. "Sun ce in rubuta abin da ban taɓa faɗa miki ba. To ki nemi wuri ki zauna, ki ajiye tsumma kusa, don na san ki da arhar hawaye."

Rudairo ce ta nemi wuri ta zauna, a kan kifaffen bokiti.

Gamu ta tuno ranar da ƙyanda ta kwantar da ita, Marwei ta goya ta da tawul ta taka har asibiti saboda ba mota. Ta tuno teburin tumatir na ƙofar gida inda ta koyi lissafi. Ta tuno tuwon farko da ta tuƙa, duk gudaji, Marwei ta cinye tas tana cewa ba ta taɓa cin mai daɗinsa ba, washegari ta wuni tana dafe da ciki. Ashe yarinyar tana da ban dariya. Shekara biyar suna gida ɗaya Rudairo ba ta sani ba.

Ta dinga wuce layuka tana neman sunanta. A shafi na huɗu ta same shi.

"Kin tuna duk ƙarshen wata yadda kike kanga min waya a kunne ki ce in gaya wa Mama Ƙarama ina kewarta? Ban san ta ba, Mama, ta ina zan yi kewarta? Amma kina tsaye a kaina kina zare ido, dole in faɗa. Ko wasiƙar da na rubuta mata lokacin da ta je wannan taron, ai kin san yadda aka yi. Kwana uku ina kallon takarda ban sami abin cewa ba, sai ke kika zauna kina faɗa ina rubutawa. A lokacin na ji haushinki. Yanzu na gane ƙanwarki kike rufa wa asiri."

Rudairo ta sake karantawa. Ta sake.

Layuka biyar ɗin da ke cikin Littafinta, waɗanda take buɗewa duk ranar da gidan ya yi mata ƙunci, ashe bakin Marwei ne. Muryar nan da take jira duk ƙarshen wata a ɗakin baya na gidan aikinta, tana cewa Mama ina kewarki, ashe ita ma Marwei ce. Ɗan abin da take zaton nata ne ita kaɗai, sadaka ce, kuma da hannun yayarta aka ba ta.

Da ta tsaya nan da sauƙi, amma ta ci gaba.

"Dangin Tafara za su kawo sadakina watan gobe. Na riga na gaya wa gwaggo, saniyar uwa da ke cikin sadakin a ƙofarki za a ɗaure ta. Na san ta wadda ta haifa ce a al'ada, gwaggo ma ta yi ta faɗa, na ce mata ni uwa ɗaya na sani. Ban gaya wa Mama Ƙarama ba. Ba ta taɓa ɓata min ba, kuma tausayi take ba ni. Ke ki gaya mata in kin sauko, kin fi ni iya lallashi."

Tausayi. Abin da ya zo hannunta ke nan bayan damina goma sha huɗu tana wanke kashin 'ya'yan wasu, tana ɗora barguna da takalma da man girki a saman bas tana aikowa gida.

Kishi ne ya cika ta, ba sai na sakaya muku ba. Da Marwei muguwa ce da abin ya zo da sauƙi, sai ta tsane ta hankali kwance. To ba muguwa ba ce. Ta riƙe yarinyar da kyau, ta ci zuciyarta da halal, sannan ta dawo tana gutsuro wa ƙanwarta 'yar soyayya a ɓoye don kada ta ji ciwo. Wannan kirkin ne Rudairo ta kasa yafewa.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Ta yi sauri za ta mayar da takardun, leɓen ambulan da ya jiƙe ya yage a hannunta. Duk da haka akwai dama, ɗakin wasiƙu cike yake da sabbin ambulan. Ta san da haka. Ta ninke komai ta tura aljihu.

Ko da ta koma, Mbuya Chirenje tana tsaye a kan jakar. Ta leƙa ciki, ta ɗago ta dubi Rudairo da lafiyayyen idon. Ta ja bakin jakar ta ɗaure. Ta ɗora hannu ta yi addu'a kamar yadda ta yi wa sauran, sai dai wannan ta fi daɗewa.

*

Bayan cin abincin rana aka raba jakunkuna, aka ce kowace matafiya ta nemi inuwarta. Ta tagar kicin Rudairo take hango su warwatse a kan ciyawa, wata tana dariya ita kaɗai, wata ta kifa kai a gwiwa kafaɗunta suna rawa.

Marwei tana gindin wata bishiya, ta miƙe ƙafafu. Ta kwance jan zaren da sauri irin na wadda ta san abin da take nema. Ta duba ta farko ta ajiye, ta duba ta biyu ta ajiye. Ta zazzage sauran a cinya tana bin rubutun bayan kowane ambulan. Ta kife jakar ta girgiza. Ta tura hannu ciki ta laluba, ta sake bin su daga farko.

Sannan ta bar su a cinya, ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Rudairo ta ji daɗi. Na so in ɓoye muku wannan, amma haka aka yi. Ta ce a ranta, yau kin ɗanɗana abin da nake ci kullum. Daɗin bai kai tsawon wanke kofi ɗaya ba ya gudu, amma ya zo, kuma ta buɗe masa ƙofa.

*

Ƙarfe uku ake sujadar rufewa, kuma a lokacinta ne kaɗai ake barin 'yan gida su shigo. Motoci suka cika filin ƙwallo. Rudairo tana jera kujeru ta ji an ce, "Mama Ƙarama, barka da hidima."

Gamu ce, ta rusuna tana tafa hannu, Tafara yana bayanta riƙe da damin furanni kamar an ba shi ajiyar jaririn wani. Fuskarta sai walƙiya take. Ta matso ta rage murya.

"Ta samu?"

"An raba jakunkuna tun ɗazu."

"Ta yi kuka, ko? Na san za ta yi."

"Ta yi."

Gamu ta yi dariya ta ja Tafara suka nemi wuri a tsakiya. Rudairo ta koma layin baya cikin masu hidima, da rigar aikinta a jiki. Ta so ta cire ta, ta rasa inda za ta ajiye ta hankalinta ya kwanta.

Aka shigo da matafiya da waƙa da guɗa. Fasto ya ce kowacce za ta tashi ta amsa tambaya biyu, me ta samu a kan tsaunin nan, kuma me za ta yi da shi in ta sauka. Wata ta ce za ta je ta gaida surukarta da suka shekara ba sa magana. Wata ta yi ta godiya ga masu girki har fasto ya taɓa agogonsa. Rudairo ba ta fahimci rabin abin da ake cewa ba, ƙirga layi take yi.

Marwei ce ta goma sha ɗaya. Ta karɓi lasifika da hannu biyu, idanunta sun kumbura.

"Sunana Marwei. A unguwa Maman Gamu ake ce min. Shekara goma sha tara ina amsawa, ban taɓa gyara wa kowa ba."

Ta ce ita mai kishi ce, kuma ba wanda ya sani, don ta iya dariya. Ranar da ƙanwarta ta sauko daga bas ta dawo gida, ita ta yanka kaza, ita ta fi kowa guɗa, amma a cikin ranta so ta yi bas ɗin ta juya da ita. Duk ranar da ta ga yarinyar ta zauna kusa da uwarta, sai ta ƙirƙiro aike ta tashe ta. Jiya da aka ce kowa ta gutsuri gurasa ta ambaci abin da take so ya mutu a cikinta, ta gutsura amma bakinta ya ƙi buɗuwa, sai ta roƙi Ubangiji ya nuna mata matsayinta ta hanyar da ba za ta iya musu ba.



"Yau ya nuna min. Na buɗe jaka, kowa ya rubuto, har mai kantin layinmu. Wadda na fi jira ba ta rubuto ba. Na yi kuka na ƙoshi, sannan na gane ba laifinta ba ne. Amana aka ba ni, na riƙe har na manta ta wata ce."

Ta kai hannu ƙirji ta ɓalle takardar sunan da aka maƙala mata tun ranar Alhamis, mai ɗauke da Maman Gamu.

"Abin da zan yi in na sauka, ba zan jira sai na sauka ba. Rudairo, ƙanwata, na san kina baya. Taso ki karɓi sunanki."

Amin ta tashi ta ko'ina. Matan layin baya suka kama Rudairo suka miƙar da ita, wata tana shafa mata baya, wata tana kuka tana tura ta gaba. Ta fara tafiya a tsakanin kujeru. Abin da ta shekara biyar tana roƙo ne ake miƙo mata a gaban ikilisiya, da waƙa, kuma duk taku ɗaya tana jin takardun suna gogar cinyarta. Ta wuce Mbuya Chirenje. Ita kaɗai ce ba ta tafa hannu ba.

Saura taku uku ta isa.

"Mama."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma waƙar ta fara mutuwa daga tsakiyar majami'a. Gamu ce a tsaye, Tafara yana jan gefen rigarta tana fizgewa. Ba Rudairo take kallo ba.

"Mama, wace wasiƙa ce ban rubuta ba?"

Marwei ta ce ta zauna, ba komai, an wuce wurin.

"Ba a wuce ba. Shafi shida na rubuta miki. Sati biyu ina yi ina yagawa. Ranar Laraba da safe na sa ta a hannun Mama Ƙarama, a kicin ɗinmu, ta ce min ita da kanta za ta sa a jaka."

Kawuna suka juyo layi bayan layi.

Marwei tana nan yadda take, hannunta a miƙe da takardar sunan. Ta dubi fuskar ƙanwarta, ta daɗe tana duba. Sannan idonta ya gangara a hankali zuwa rigar aikin, inda hannun Rudairo ya dafe aljihu ba da saninta ba. Ta matso dab da ita ta yi ƙasa da murya, irin yadda take yi mata tun suna yara in ba ta so babarsu ta ji.

Ta manta lasifika tana hannunta.

"Rudairo, me ke cikin aljihunki?"